Gyaran kuskure a takardar sallamar tsohon soja: hanyar da muka bi daga Daura

Kawuna yana ajiye takardunsa na soja a wani tsohon akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, naɗe cikin leda, an ɗaure da tsumma. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa zama ya karanta su baƙi bayan baƙi. Shi bokonsa ba nisa, amma lambarsa ta soja ko daga barci ka tashe shi zai zubo maka ita ba gargada. Sai da aka zo wata tantancewa, aka ga lambar da ke kan takardar sallamarsa ba ta yi daidai da wadda ke rajista ba, aka jingine fanshonsa har sai an warware. Da dare ya kira ni zaure, ya miƙo mini takardar da tocila, ya ce: "Ɗana, karanta mini lambar nan a hankali." Na karanta. Ya girgiza kai. "Ba ni ba ne wannan." Wanda ya buga takardar a keken rubutu tun wancan zamani ya juya baƙaƙe biyu, na gaba ya koma baya, kuma ya rubuta shekarar shiga aiki da ta rage wa Kawu shekara biyu.

Mun fi shekara muna kai da kawo kafin a gyara, kuma rabin lokacin mu muka ɓata wa kanmu. Washegari kotu muka nufa aka yi takardar rantsuwa, muka biya aka buga sanarwa a jarida, muna ganin an gama. Ba a ma fara ba. Takardar rantsuwa magana ce da kai ka faɗa game da kanka. Ba ta shiga fayil ɗin soja ta goge abin da ke ciki. Wanda ya rubuta fayil shi kaɗai ke da ikon gyara shi, kuma ba ya gyarawa sai ka kawo masa hujja daga irin takardun da ya yarda da su. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

A fara da tabarma da littafin rubutu

Kafin a je ko'ina, a shimfiɗa tabarma a fito da komai: takardar sallama, katin shaidar tsohon soja, takardar da aka fara biyan fansho da garatuti da ita, takardun kwas-kwas, wasiƙun ƙarin girma, takardun asibiti, tsofaffin takardun albashi, hotuna cikin kaki, har wasiƙun da ya riƙa aikowa gida daga fagen daga idan akwai lambarsa a bayan ambulan. A gefe guda kuma a ajiye na farar hula: takardar NIN, bayanin BVN da za a roƙi banki ya buga, katin zaɓe, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, takardar shaidar ƙaramar hukuma, da ta firamare idan akwai.

A samu littafi a ja layuka. Kowace takarda layinta, a kwafe abin da ta ce game da suna da yadda aka jera shi, lambar soja, muƙami, ranar haihuwa, ranar shiga aiki, ranar sallama, dalilin sallama, rundunar ƙarshe, da magaji. A kwafe yadda yake, ko da an ga kuskure ne ƙarara. Mutum biyu suka fi dacewa da aikin, ɗaya na karantawa da ƙarfi ɗaya na bi da yatsa, domin ido yana gyara abin da ya saba gani ba tare da mai shi ya sani ba. Ni kaina sau uku na taɓa kallon takardar Kawu a baya ban ga komai ba.

A zaman nan tsohon yana wurin, ana tambayarsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi: shi ya san wace shekara ya shiga Daffo, wato makarantar horar da kuratan soja a Zariya, da wa da wa suka yi kurtu, a wane bariki aka ɗaura masa igiya ta biyu, wane kwamanda ya sa hannu a kan me. A ɗauki maganarsa a waya. Abin da ya faɗa a daren nan shi zai nuna inda za a nemi hujja.

Wace takarda ce ta yi kuskuren?

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, domin ba kowane saɓani ne ake kaiwa gidan soja ba.

Akwai abin da ba kuskure ba ne sam. Wanda ya shiga soja daga Daura ko Mai'aduwa ko Sandamu kafin 23 ga Satumba 1987 zai ga an rubuta masa Jihar Kaduna, domin sai a ranar aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Wanda ya shiga tsakanin 1967 da 1976 zai iya ganin Jihar Arewa ta Tsakiya. Haka ƙaramar hukuma: da yawa daga cikin 34 da muke da su yau ba a yi su ba a lokacin. Wannan ba ya buƙatar a taɓa fayil. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ta yanzu, da wasiƙar hakimi ko dagaci da ta bayyana cewa ƙauyen nan a da yana ƙarƙashin wuri kaza, sun isa bayani.

Akwai kuma inda takardar soja ce mai gaskiya, ta farar hula ce ta kauce. Wannan ya fi yawa yanzu. Tsoho ya je rajistar NIN ko BVN, yaron da ke kan kwamfuta ya tambaye shi shekarunsa, ya ce "kamar saba'in", aka ƙiyasta aka sa 1 ga Janairu. Ko fayil na cewa Abubakar, banki na cewa Garba. Fayil na cewa Usman, katin ɗan ƙasa na cewa Shehu. Can Muhammadu nan Mamman, can Lawal nan Auwalu. Mu a wurinmu suna ɗaya ne, a wurin na'ura mutum biyu ne. Wani kuma a soja da sunan garinsu aka san shi, a banki ya ba da sunan mahaifi. Idan haka ne, hanya mafi sauƙi ita ce a ja NIN da BVN su bi fayil ɗin soja: a nemi gyara a wurin hukumar katin ɗan ƙasa, sannan a je banki da sabuwar takardar. A nan ne takardar rantsuwa daga babbar kotu da sanarwar jarida suke da amfani na gaske. Ga ranar haihuwa kuwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tana ba manya takardar tabbatar da haihuwa, kuma ana neman ta wajen irin wannan gyara. A fara da NIN kafin BVN, kada a yi su a birkice.

Sai kuskuren da ke jikin takardar sallama kaɗai, alhali fayil na asali daidai yake. Lambar Kawu irin wannan ce. Shi ne mafi sauƙin gyara a gidan soja, domin da an ɗauko fayil an ga gaskiya.

Wanda ya fi nauyi shi ne kuskuren da ya shiga fayil ɗin kansa: an yi wa mutum ƙarin girma zuwa saje dab da sallama amma labarin bai isa fayil ba, aka lissafa masa fansho a matsayin kofur, ko an tsallake wasu shekarun aikinsa, ko ya ji rauni a bakin aiki ba a rubuta ba. Shekarun aiki ba abin wasa ba ne. Sai da shekara 10 ake shiga sahun masu fansho, lissafin kuma yana hawa ne da kowace shekara har zuwa 35. Shekara biyu da alƙalami ya ci, kuɗi ne da ake rasawa kowane wata har ƙarshen rai.

Akwai na ƙarshe da ba a son faɗa, amma sai an faɗa. Wasu da bakinsu suka rage shekaru ranar ɗaukar kurata, wasu da takardar makarantar wa ko ɗan kawu suka shiga, sunan ya bi su har ritaya. Wannan ba kuskuren akawu ba ne, kuma gidan soja yana riƙe da ranar haihuwar da mutum ya bayar ranar da ya shiga. Kada a rubuta wasiƙa ana cewa an yi kuskure alhali an san ba haka ba ne, kada kuma a yi rantsuwa a kan ƙarya; laifi ne a doka, nauyi ne a wurin Allah. Wanda ke cikin wannan hali ya zauna da lauya ya faɗa masa gaskiya tsirararta kafin ya aika ko da layi ɗaya, kada garin neman gira a rasa ido.

Hujjar da take da nauyi

Ƙa'idar mai sauƙi ce: takardar da aka yi a lokacin da abin ya faru ta fi wadda aka yi yau, takardar da soja suka rubuta kuma ta fi ta waje.

A gidan soja akwai sanarwar da kowace runduna ke bugawa, wadda sojoji ke kira Pat Tu Oda. A cikinta ake shelar duk abin da ya canza a rayuwar aikin soja: ƙarin girma, sauyin wuri, aure, haihuwa, hukunci, sallama. Abin da bai fito a cikinta ba, a idon fayil kamar bai faru ba ne. Don haka idan maganar muƙami ce ko magaji, tambayar farko da za a yi maka ita ce lambar Pat Tu Oda da ranarta. Idan tsohon yana da kwafi, ka riƙe shi kamar zinare. Idan babu, a nemi abokan da aka ƙara musu girma rana ɗaya, domin sanarwa ɗaya kan ɗauki sunaye da yawa, wataƙila wani ya adana nasa.

Lambar soja kanta shaida ce. Farkonta yana nuna zubin da mutum ya shiga: tsofaffin da suka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 za ka ji suna kiran kansu 'yan 63NA, na bayansu 'yan 79NA, na baya-bayan nan kuma lambarsu tana ɗauke da shekarar shiga da zubin kurata. Waɗanda suka yi Daffo tare lambobinsu maƙwabtan juna ne. Abin da ya cece mu ke nan. Kawu ya tuna wani abokin kurtunsa a wani ƙauye ta wajen Zango, muka hau babur muka same shi a gindin bedi yana gyaran igiyar shanu. Da Kawu ya faɗi lambarsa, tsohon ya faɗi tasa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai goma ba. Ya shiga ɗaki ya fito da takardar kammala horonsa da hoton zubinsu, ga Kawu a layin baya yana saurayi. Shekarar da ke jikin takardar ita ce wadda Kawu yake faɗa tun farko. Ya bar mu muka kai ta Daura aka yi kwafi muka mayar masa a ranar.

Ga rauni, a nemi takardar kwamitin likitocin soja da ya duba shi, ko katin asibitin soja da aka kwantar da shi, irin su asibitin 44 da ke Kaduna. Rahoton likitan yau yana nuna cewa raunin yana nan, amma ba ya nuna a bakin aiki aka same shi. Tsohuwar takarda ce ke yin wannan. Waɗanda suka je Laberiya ko Saliyo a rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, takardun lambobin yabo da na tafiya suna taimakawa wajen tabbatar da inda suke a shekara kaza.

Takardar rantsuwa, wasiƙar hakimi, da shaidar abokan aiki biyu da suka sa hannu da lambobinsu, duk a haɗa. Suna tallafa wa hujja, ba sa maye gurbinta.

Ƙofar da za a buga

Ofisoshi biyu ake rikitawa, kuma rikita su yana cin watanni. Hukumar Fanshon Sojoji tana Dutsen Alhaji a Abuja (ba Dutsen Jigawa ba, na ga wanda ya kusa shiga motar can daga tashar Daura). Aikinta lissafi da biya, bisa bayanan da rundunar mutum ta aiko mata. Ba ita ke rubuta tarihin aikin soja ba. Fayilolin ƙananan sojojin ƙasa, daga farabiti zuwa samanja, suna hannun ofishin adana bayanan sojojin ƙasa da ke Lakwaja a Jihar Kogi, wanda sojoji ke ce wa Rekod. Hafsoshi, masu anini a kafaɗa, al'amarinsu yana bi ta ofishin Sakataren Soja. Na ruwa da na sama kowa ya nufi sashen gudanarwa na hedikwatar rundunarsa a Abuja.

Saboda haka jerin shi ne: Rekod su gyara, su sanar da hukumar fansho, hukumar fansho ta sake lissafi. Idan kuwa matsalar lambar asusun banki ce ko sauyin banki, wannan kai tsaye na hukumar fansho ne. Kada a ɓata kuɗin mota zuwa kamfanonin fansho na 'yan adashen gata ko hukumar PTAD. An sa sojoji cikin tsarin adashen gata a dokar 2004, aka fitar da su a 2011, dokar 2014 ta tabbatar da hakan. PTAD kuma fanshon farar hula da 'yan sanda da makamantansu take riƙe da shi.

Kafin Lakwaja akwai ƙofofi na kusa. Ƙungiyar 'yan mazan jiya, wato Lijiyon, tana da shugabanni a jiha da ƙananan hukumomi. Su suka san wanda ya bi hanyar nan bara, kuma wasiƙar rakiya daga wurinsu tana nuna cewa mutum sananne ne a cikin tsofaffin sojoji. Akwai kuma Birged ta 17 a Katsina, da bataliya ta 35 a barikin Natsinta, da ta 171 a nan Daura. Ba su ke gyara fayil ba, amma ofishin gudanarwarsu zai iya faɗa maka adireshin da ake amfani da shi yanzu da wanda ake rubuta wa. A je da tsohon da kansa, da katinsa. Na lura soja yana girmama tsohon soja, Kawu na faɗin lambarsa da muƙaminsa a bakin ƙofa, sai ka ji an ce "Baba, bismillah, shigo."

Wasiƙar

Da Turanci ake rubuta ta, a buga a kwamfuta, kada ta wuce shafi ɗaya ko ɗaya da rabi. Idan mai shagon kwamfuta ne zai buga, ka zauna kusa da shi, kada ya ɗauko ta wani ya canza suna. A saman takarda a sa lambar soja, muƙami da cikakken suna kamar yadda suke a fayil, sai adireshi da lambar wayar da ke kunne kullum. Kan magana ya faɗi abin da ake so a layi ɗaya: neman gyaran lambar aiki da ranar shiga aiki a takardar sallama.

Cikin wasiƙar abu huɗu ne. Wane ne ni, yaushe na shiga, yaushe na fita, daga wace runduna. Ga abin da takarda ta ce, ga abin da ya kamata ta ce, a rubuta su gefe da gefe, watan kuma a rubuta shi da sunansa don kada 3 ga watan 4 ya koma 4 ga watan 3. Ga hujjojina, kowacce da lambarta, an maƙala su a jere. Ga abin da nake roƙo: a duba fayil, a gyara, a ba ni sabuwar takarda ko wasiƙar gyara, a sanar da hukumar fansho.

Wasiƙarmu ta farko shafi huɗu ce, cike da labarin wahalar da Kawu ya sha da halin da iyali ke ciki. Duk gaskiya ne, kuma ni na rubuta ta da zafin zuciya. Wani tsohon samanja da ya yi aikin ofis ya karanta ya ce mini: "Yaro, wanda zai karanta wannan yana da fayil ɗari a gabansa. Nuna masa inda zai sa biro." Ya soke komai ya bar sakin layi huɗu. Kada a zargi kowa a ciki, kada a yi barazana. Tsohon ya sa hannu irin wanda ya saba sawa a soja. Idan hannu ya fara rawa, ya dangwala yatsa a gaban shaida.

Idan kurakuran suna da yawa kuma ba iri ɗaya ba, misali muƙami da kuma rauni, gara a raba su wasiƙa biyu, domin teburin da zai duba su daban-daban ne, kada mai wuya ya riƙe mai sauƙi.

Miƙawa da bibiya

Asalin takarda ba ya barin hannunka. Ka nuna, ka mayar jaka. Idan an ce dole sai an karɓi tsohuwar takardar sallama kafin a ba da sabuwa, a ba ka shaidar karɓa a rubuce, kai kuma ka riga ka yi kwafi mai launi ka ɗauki hotonta a waya. Kada kuma a taɓa gyara takarda da biro ko farin ruwan gogewa. Daga ranar ta zama abin tuhuma. Liƙe ta da roba mai zafi ma ina ganin a bari, domin tana ɓata tsohon hatimi kuma ba a iya rubutu a bayanta.

A yi kwafi uku na komai. Ɗaya a miƙa, ɗaya a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a dawo da shi gida, ɗaya a ajiye a wani gida daban. Wannan mai hatimin shi ne makaminka a duk zuwan da za ka yi nan gaba. Idan ba halin tafiya, a aika ta gidan waya da rajista ko kamfanin kai saƙo, a adana rasit. Daga Daura zuwa Lakwaja tafiya ce ta yini cur, ta Kazaure da Kano da Kaduna da Abuja, ga tsada ga yanayin hanya. Kada a ɗora wa tsoho mai ciwon ƙafa sai in an ce lallai a gan shi ido da ido. Idan ɗa ne zai je a madadinsa, ya tafi da wasiƙar wakilci mai sa hannun tsohon da kwafin katin shaidarsu su biyu.

A bayan littafin nan na farko a buɗe shafin bibiya: ranar da aka je, ofishin da aka shiga, abin da aka ce, lambar da aka ba wasiƙar. Bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi ba amsa, a rubuta tunatarwa gajera da ke ambaton wasiƙar farko da ranarta. Idan shiru ya yi yawa, a tura kwafi ga sashen gudanarwa na Hedikwatar Sojojin Ƙasa da sashen kula da tsofaffin sojoji na Hedikwatar Tsaro. Doka ma tana bayanka: Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani, ko da yake ta keɓe abubuwan da suka shafi sirrin tsaro, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba mutum haƙƙin neman a gyara bayanansa da ba daidai ba. Ambaton su cikin ladabi a wasiƙa ta uku ba laifi.

A wannan tsakanin ne 'yan damfara ke shigowa. Waya za ta yi ƙara, wani ya ce daga Abuja yake, fayil ɗin Baba na gabansa, a turo kuɗin fito da shi, ko a karanto masa lambar da ta shigo waya yanzu. Sau biyu aka kira Kawu. Kada a ba kowa lambar sirri ta kati ko lambar da banki ya turo, kada a tura kuɗi asusun mutum. A faɗa wa tsohon wannan, a faɗa wa matarsa, a faɗa wa jikan da ke riƙe masa waya.

Idan maganar kora ce

Wanda takardarsa ta ce an kore shi, ko an rubuta shi a matsayin wanda ya gudu daga aiki, ba gyaran rubutu yake nema ba, sauya hukunci yake nema, kuma Rekod ba su da wannan ikon. Ana kai koke ne ga Babban Hafsan Sojojin Ƙasa da Majalisar Sojoji, hukuncin kotun soja kuma ana ɗaukaka ƙararsa zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ba abu ne da ba ya yiwuwa ba: a 2000 gwamnatin Obasanjo ta mayar da korar sojojin da suka yi wa Biyafara yaƙi ta zama ritaya, a 2015 kuma an mayar da sojoji sama da 3,000 bakin aiki bayan sake duba korar da aka yi musu a yaƙin Arewa maso Gabas. Amma lokaci yana gudu. Akwai dokar da ta ƙayyade wata uku don shigar da ƙara a kan abin da jami'in gwamnati ya aikata a bakin aikinsa, kotuna kuma sukan tambaya ko an bi hanyoyin koke na cikin gida tukuna. A ga lauya da wuri. Wanda ba shi da hali ya gwada Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Katsina.

Idan mai takardar ya riga mu gidan gaskiya

Ana iya gyarawa, sai dai wahalar ta ninka, domin wanda ya san amsar kowace tambaya ba ya nan. Za a ƙara da takardar shaidar rasuwa, shaidar aure, takardun haihuwar 'ya'ya, da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu idan an buƙata.

Abin da ke raba zumunci shi ne sunan magaji. Saurayi ya shiga soja ba aure, ya sa sunan wansa. Ya yi aure, ya hayayyafa, wan ya rasu, takarda ba ta canza ba. Ko ya sa uwargida, daga baya ya ƙara biyu. Na ga gidan da aka daina gaisawa a kan wannan. Sunan da ke takarda yana nuna wanda hukuma za ta yi magana da shi ne. Rabon gado kuwa a wurinmu na shari'a ne, kowa da kasonsa. Iyali su zauna gaban alƙali ko malamin da suka yarda da shi, su rubuta yarjejeniya, su fitar da wakili ɗaya kafin a tunkari kowane ofis. Ba a fafe gora ranar tafiya: tsohon da ke raye yau, a duba sunan wa ya sa, a sabunta tun yana iya sa hannu.

Ga 'yan'uwa da ke cikin kaki har yanzu, naku ya fi sauƙi. Duk aure, haihuwa ko ƙarin girma, ku tabbata ya fito a Pat Tu Oda, ku karɓi kwafi ku aiko gida. Dokar Sojoji, a sashe na 178 da 179, ta tsara wa hafsa da ƙaramin soja hanyar kai koke ta hannun kwamanda. Wanda ya tafi kwas ɗin wata shida na shirin ritaya a Oshodi ta Legas, ya karanta kowane layi na takardunsa kafin ya sa hannu ya kamo hanyar gida.

Bayan an gyara

Ranar da sabuwar takarda ko wasiƙar gyara ta zo, a karanta ta da ƙarfi, mutum biyu, kamar ranar farko. Sabon bugu ma yana iya zuwa da nasa kuskuren. Sannan a kai kwafi da hannu hukumar fansho a karɓi hatimi, kada a zauna jiran saƙo ya kai kansa. Idan gyaran ya taɓa muƙami ko shekarun aiki, a rubuta wasiƙa ta daban ana neman a sake lissafi a biya bashin baya, a haɗa da bayanin asusun banki na watannin da abin ya shafa. A kai kwafi banki, a kai wa kamfanin inshorar lafiyar sojoji na DHML don katin asibiti ya bi sabon bayani, a kai wa Lijiyon.

Tsohuwar takardar Kawu mai juyayyun baƙaƙe ba mu yar da kwafinta ba, mun maƙala ta a bayan wasiƙar gyaran, don duk wanda ya ga saɓani nan gaba ya ga bayaninsa a wuri ɗaya. Littafin da muka ja wa layuka yana cikin akwatin ƙarfen, hotunan takardun kuma suna wayar mutum uku a gidan. Satin da ya wuce abokin nasa na wajen Zango ya aiko jikansa da leda cike da takardu, wai a duba masa sunan da ke gurbin magaji.